Yadda na yi fama da tsatsa da fentin motata a Gombe, tun daga rami har ɗakin feshi

Duk wanda ke hawan tsohuwar mota, 'yar Beljiyam ce ko wadda ya saya hannun wani a nan gida, wata rana sai ya tsaya gaban fanal bita da mai fenti. Da lokacina ya zo ban samu mutum ɗaya da ya zaunar da ni ya faɗa min yadda aikin yake tafiya ba: wajen wa ake fara zuwa, me ake saya, nawa ake bayarwa na kafin alƙalami, kuma a wane mataki ne dole mai mota ya kasance tsaye a wurin. Kowa na tambaya sai ya ce, "Kai ta wajen mai fenti mana, ya fesa maka." Shi ya sa zan kawo abin da ya faru da ni bi da bi, har da kuɗin da na kashe, ko wani zai huta da yawon da na sha.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, ruwan toka mai ƙyalli, wadda masu fenti ke kira silba. Na saye ta hannun wani da ya ɗan hau ta bayan an shigo da ita. Lambar shasinta da 2 ta fara, alamar a Kanada aka haɗa ta, kuma takardun gargaɗin da ke manne a cikinta da Turanci da Faransanci aka rubuta su, abin da ya sa nake zaton can ta yi zamanta. Wannan yana da muhimmanci, domin a Kanada da arewacin Amurka gishiri suke watsawa a kan titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan taya ke watsa shi ƙarƙashin mota, ya shige duk inda aka haɗa ƙarfe biyu, ya zauna shekara da shekaru. Mota za ta iso nan tana sheƙi a sama, amma tsatsa ta riga ta kama daga ciki. Ni kuma da nawa ƙarin: ina da 'yar gona wajen Kwadon, kuma duk farkon damina a but nake loda buhunan takin zamani. Taki in ya zuba ya haɗu da danshi, cin ƙarfe yake yi. Daga sama kuwa ranar Gombe ta Maris da Afrilu ta gama da rufin da bonet, kiliya, wato shafin ƙarshe marar launi da ke saman fentin yana ba shi sheƙi, ta yi fari-fari tana ɓarewa. Abin da ya tayar min da hankali shi ne wasu ƙuraje da suka fito a fenti saman tayar baya ta hagu da ƙasan ƙofar direba, sannan bayan ruwan Agusta na buɗe but na ji warin ruma, na ɗaga safaya taya na tarar da ruwa kwance a raminta.

Wajen mai fenti na fara zuwa, kamar yadda kowa ya ce. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya shafa ƙurajen da hannu, ya ce, "Yallaɓai wannan ai ba komai ba ne, fila za mu sa, mu fesa. Kawo dubu 180, ka zo ka ɗauki sabuwar mota." Fila ita ce ƙullun da ake shafawa a cike lotsawar jikin mota kafin fenti. Bai buɗe but ba, bai sunkuya ya leƙa ƙasa ba. Farashin ya yi min daɗi, amma na ce bari dai in biya wajen bakanikena in ji ta bakinsa. Shi ne ya fara saita min hanya. Ya ce kada in yarda kowa ya yi min kuɗin aiki sai an wanke ƙasan motar an hau da ita rami, domin wanda bai ga ƙasa ba bai san abin da yake yi wa kuɗi ba. Na kai ta wajen wankin mota mai rami, na biya naira 3,000 aka wanke ƙasan da ruwa mai ƙarfi har cikin mudgad, muka bari ta tsane, sannan muka shiga ramin da tocila da sukundireba.

A cikin ramin nan na fahimci tsatsa iri uku ce. Akwai ta sama-sama, ja-ja a kan salansa da ƙarafan ƙafa, wadda in ka goga da buroshin waya sai ƙarfe mai kyau ya fito. Akwai wadda ta fara yin ɓawo, in ka ƙwanƙwasa ta zubo. Akwai kuma wadda ta cinye ƙarfen gaba ɗaya, fenti ne kawai ke riƙe da wurin. Bakaniken ya bi wuraren da ke ɗauke da nauyin mota ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da ƙarfi: dogayen ƙarafan shasi, inda shokozoba ke zama, inda ake kafa jak, sai bututun burki da na mai da suka bi ƙasa zuwa baya. Ya ce in waɗannan suka ruɓe, maganar fenti ma ba ta taso ba, sai dai a yi shawarar ko motar ta cancanci a kashe mata kuɗi. Na yi sa'a duk suna da ƙarfi, bututun burki ne kawai ya yi ɓawo a wuri ɗaya. Amma da ya kai sukundireba ramin safaya taya sai ta faɗa ciki ba tare da ya danna ba, haka ma ƙarshen dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi ta ɓangaren hagu. Na fito daga ramin jikina a sanyaye, domin na san dubu 180 ta tashi daga magana.

Kafin a fara aiki na ɗan ɓata lokaci kan wata shawara. Tunda za a fesa motar duka, raina ya biya in mayar da ita fara, ko don zafin rana. Na je ofishin da ake sabunta takardun mota na tambaya. Launin mota a rubuce yake a takardunta, don haka sauya shi ba aikin mai fenti kaɗai ba ne. Aka lissafa min: takardar rantsuwa daga kotu, sanar da 'yan sanda su ba da tasu takardar, sannan a dawo a gyara takardun motar su dace da sabon launin. Wanda ya fesa ya hau titi haka, shi da masu duba takardu a hanya. Ban da wannan, sauya launi na gaskiya yana nufin a fesa cikin ƙofofi, cikin but da ƙarƙashin bonet, in ba haka ba duk wanda ya buɗe ƙofa zai ga mota mai launi biyu, kuma ranar sayarwa mai saye zai ɗauka hatsari ta yi. Na haƙura na bar ta a silbarta.

Bakaniken ne ya haɗa ni da wani dattijo fanal bita da ke aiki a wani gareji ta hanyar Dukku, kowa Baba yake ce masa. Abin da ya fara yi ya burge ni. Ya ɗauko mayen ƙarfe na tsohuwar sifika, ya naɗe shi a tsumma don kada ya karce fenti, ya riƙa bin jikin motar da shi a hankali. Inda ƙarfe ne zalla sai ya kama gam. Da ya iso fendar baya ta hagu sai mayen ya sulale ya faɗo hannunsa. Ya dube ni ya ce, "Malam, nan an riga ka. Wani ya taɓa cika wurin nan da fila, kuma da kauri." Ya sa giranda ya ɗan buɗe wurin, farar ƙura ta tashi, sai ga fila mai kaurin ɗan yatsa, a bayanta kuma ƙarfen ya zama kamar ɓawon gyaɗar da aka soya, kana taɓawa yana marmashewa. Ya yi min bayanin da ya zauna min: fila tana shan ruwa. In aka shafa ta a kan rami ko kan tsatsa, danshi yana shigowa ta baya ya zauna tsakaninta da ƙarfe, tsatsar ta ci gaba da aikinta a ɓoye har ta tura fentin waje. Ƙurajen da na gani ke nan. Aikin fila shi ne ta daidaita 'yan lotse-lotsen da guduma ta bari, kaurinta kada ya wuce milimita biyu zuwa uku. Ba a toshe rami da ita.

Mun yi ciniki a kan naira 95,000, har da kuɗin kabaid da iskar walda, ni kuma zan sayi ƙarfen faci. Na sa muka zagaya motar tare, yaronsa na zana da'ira da alli a duk inda za a yanka, ni kuma ina ɗaukar hoto da waya ina rubutawa a takarda: ramin safaya taya, bakin fendar baya, ƙarshen ƙarfen ƙasan ƙofa, ƙasan ƙofar direba, da farantin da batir ke zama, wanda ruwan batir ya cinye. Na ba da rabi, muka yi da shi sauran sai na ga aiki da idona kafin a shafa komai a kai. Na kwashe takardun mota, jak, safaya taya da duk abin da ke cikin aljihunta na kai gida. Wannan ba zargin kowa ba ne, gareji wuri ne da mutane da yawa ke shiga da fita, kuma mota takan kwana a buɗe ba ƙofa. Ƙarfen faci kuwa, Baba ya hana ni karɓar na durom ko na tsohon firji da wasu ke amfani da shi. Ya tura ni wajen 'yan gwangwan da yaronsa, muka sayi ƙofar wata motar da ta yi hatsari da guntun rufi a kan 12,000, domin ƙarfen jikin mota siriri ne, bai kai milimita ɗaya ba, kuma facin da ya fi shi kauri ba ya lanƙwasuwa daidai da shi. Na tambayi kuɗin ƙofar direba 'yar Beljiyam sukutum, na ji ya ninka na faci sau da yawa, kuma tunda ƙasan ne kawai ya taɓu sai muka tsaya kan faci. Da ruɓar ta haura tsakiyar ƙofa, sayen wata ya fi.

Ranar yanka na zauna a kan benci tun safe. An cire kan batir, an cire kujerar baya, an naɗe kafet, an janye wayoyin da suka bi gefen, domin ba sau ɗaya ba mota ta kama wuta a gareji saboda tartsatsi ya faɗa kan soson da ke ƙarƙashin kafet. Tankin mai na kusa da inda za a yi aikin baya, don haka aka sauke shi. Baba bai tsaya a bakin ramin da ake gani ba, ya ci gaba da yankawa har sai da giranda ta fara fitar da farin ƙarfe mai ƙyalli ta kowane gefe. Ramin da na ɗauka tafin hannu zai rufe sai da ya koma faɗin faranti. Gabana ya faɗi da na ga ƙasa ta cikin but ɗina. Ya auna da kwali, ya yanka facin, ya buga shi a kan guntun ƙarfen jirgin ƙasa har ya ɗauki siffar wurin. Waldar kabaid zafi gare ta, tana murɗa siririn ƙarfe, shi ya sa ba ya jan wuta a miƙe. Ya ɗiga nan, ya tsallaka can ya ɗiga, yaro na biye da jiƙaƙƙen tsumma yana sanyaya gefen, sai da ya zagaye sannan ya dawo yana haɗa ɗigon. Da ya gama ya sa tocila ta ciki, ni ina kallo ta waje, duk inda haske ya ɓullo ya koma ya toshe. Abin da ya ƙara min, wanda ban taɓa ji ba, shi ne wutar walda tana ƙone rufin da kamfani ya yi wa ƙarfe ta baya, don haka bayan kowane faci wuri ne da sabuwar tsatsa za ta fara in ba a shafa masa magani ba. Muka sayi firaima mai hana tsatsa, wato shafin farko da ake yi wa ƙarfe kafin fenti, aka shafa ta ciki da buroshi, aka bi layin waldar da gam ɗin toshe haɗi.

Aikin da aka ce min na 'yan kwanaki ne ya ja fiye da haka. Wata rana iskar walda ta ƙare, wata rana babu wuta ga giranda kuma janareto ba mai, wata rana an yi rasuwa a unguwarsu Baba gareji ya tashi. Sai wata motar haya ta shigo da hatsari, mai ita na tsaye a kansu, tawa ta koma gefe. Na lura motar da mai ita ke zuwa ita ake taɓawa. Daga Tumfure nake hawa Keke Napep in zo bayan an tashi daga aiki, ba don in yi faɗa ba, in gaishe su, in saya wa yara ruwa, in tambayi inda aka kwana. Kuɗin keken nan da na kai yara makaranta ba na cikin lissafina na farko, kuma sun taru.

Matakin da ya fi kowanne haɗari shi ne tsakanin fanal bita da mai fenti. Fanal bita ya gama nasa, ya karɓi kuɗinsa, mai fenti bai fara ba, mota na zaune da ƙarfe tsirara. Ƙarshen damina ne, raɓar dare ɗaya ta isa ta sa farin ƙarfe ya wayi gari da ja-ja. Sabon mai fentin da na samu, wanda yaransa ke kira Oga, mun yi da shi cewa ranar da motar ta iso a goge ƙarfen a fesa masa firaimar ifoksi kafin komai. Washegari da na zo da yamma sai na tarar wani yaronsa ya riga ya shafe fendar baya da fila, kuma ta gefen da bai rufe ba ina ganin ɗigo-ɗigon tsatsa a ƙarƙashi. Ogan ba ya nan, ya tafi sayen kaya. Na ce wa yaron ya dakata. Da Ogan ya dawo na nuna masa, ya fara cewa, "Alhaji ai wannan ba za ta yi komai ba," na ce masa na ji, amma a kankare, in fila ce zan sake saya. Ransa bai so ba, amma aka kankare, aka goge har ƙarfe ya yi fari, aka shafa ruwan kashe tsatsa a 'yan ramukan da sanfefa ba ta kai ba, aka wanke, aka busar, aka fesa firaimar. Da na makara da awa biyu, da an bi ta da firaima ta sama, kuma babu yadda za a yi in sani sai bayan damina ɗaya ko biyu.

Kayan fenti ni na saya da kaina, tare da Ogan muka je shagon. Wasu masu fentin sun fi son a ba su kuɗi dunƙule, kuma a nan ne ake rage inganci ba tare da mai mota ya sani ba: a sayi kiliya mai araha, a tsinka fenti da tina fiye da ƙima, wani ma har fetur yake surkawa. Mai haɗa fenti ya tambaye ni lambar launi. Toyota tana rubuta ta a takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR, tawa 1E7 ce. Duk da haka ya ce a kwanto masa murfin tankin mai, ya haɗa, ya fesa a guntun ƙarfe, ya fita da su rana ya jera yana karkatawa. Silba fenti ne mai wahala saboda 'yan ƙwayoyin ƙyallin da ke cikinsa, yadda suka kwanta shi ke sa ya yi haske ko duhu. Wanda zai fesa ƙofa ɗaya kawai ya fi ni buƙatar wannan gwajin, domin tsohon fentin rana ta riga ta sauya shi. Mun sayi fila da hadinarta (hadina ita ce sinadarin da ake haɗawa don abin ya daskare ya yi ƙarfi), firaima mai hadina, fentin launi, kiliya da hadinarta, tina, foti, tef, da sanfefa kala-kala: mai lamba 80 ta cin fila, 180 da 320 na daidaitawa, 600 da 800 na gab da feshi, sai 2000 ta gogewar ƙarshe. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Duka kayan sun tashi kusan 210,000, kuma kiliya ce ta fi cin kuɗi. Akwai mai rabin farashin, mai shagon da kansa ya ce min araha ba ta ado, wadda ba ta jure rana shekara ɗaya ba za ta yi a Gombe ba sai ta dushe. Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinsu ke bin dala, saboda haka kada wani ya riƙe lissafina ya je yana musu da mai shago.

Gugar ita ce ta ɗauki lokaci mafi tsawo, kuma ita ce ba a ganin ci gabanta. Rufi da bonet sai da aka cinye matacciyar kiliyar gaba ɗaya, domin sabon fenti a kan mai ɓarewa tare za su ɓare. Na roƙi kada a goge fila da ruwa, a bari sai an rufe ta da firaima, saboda dalilin da Baba ya faɗa min. Bayan firaima Ogan ya yi wata dabara: ya watsa baƙin fenti sama-sama a jikin motar, ya sa yara su goga da sanfefa naɗe a katako. Duk inda baƙin ya rage, akwai lotsawa ke nan, sai a koma. Mun ɗan ja da shi kan abin da za a kwance. Shi yana so a rufe fitilu, hannun ƙofa, madubi da robobin gilashi da jarida da tef. Ni na ce a kwance bamba biyu, fitilun gaba, danja, hannuwa, madubai da lamba. In aka fesa a kansu, bakin fentin yana tsayawa a gefen roba, daga nan yake fara ɗagowa. Ya ƙara min kuɗin aiki kaɗan, muka tsaya a 90,000.

Jinkirin da aka yi ta samu ya kai mu bakin hunturu, iska ta fara kaɗawa da ƙura. Yawancin masu fenti a nan a fili suke fesawa ko ƙarƙashin rumfa, su yi sammako kafin iska ta tashi, su yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Da damina danshi ne matsala, yana sa fenti ya yi hazo, da hunturu kuma ƙura. Bayan duk abin da na kashe ban ga dalilin barin ƙura ta zauna a kiliya ba, sai muka kama hayar ɗakin feshi, wanda ake ce wa oba, a kan 40,000, muka jira layi ya zo kanmu. A ciki aka goge jikin da ruwan cire maiƙo, aka fesa launi hawa-hawa ana ba shi 'yan mintuna tsakani, sannan kiliya hawa biyu, aka rufe ɗakin aka kunna zafi wajen digiri 60. Ta gilashin ƙofa na kalla. Abin da ya dame ni shi ne yaron da ke riƙe wa Oga tiyo, tsumma kawai ya ɗaura a hanci. Hadinar da ke cikin irin wannan kiliya guba ce ga huhu, tana jawo ciwon asma, kuma tsumma ba ya tare ta, haka madarar da suke sha bayan aiki wai tana wanke ƙirji. Na yi wa Ogan magana, ya yi dariya ya ce haka suka koya su ma.

Ranar karɓa ban je da yamma ba, da hantsi na je, na sa aka fito da ita rana. Daga nesa ta yi kyau har na ji daɗi ya kama ni, amma na daure na bi ta a hankali, ina kallon jikin ta gefe ba ta gaba ba. Na samu inda kiliya ta zubo ta daskare a ƙasan ƙofar baya, na samu wani ɓangare na bonet da ya yi gurji-gurji bai kwanta sumul ba, ga feshi a robar gilashin baya. Gilashin ƙofar direba ya ƙi sauka saboda an manta ba a mayar da soket ɗinsa ba, danja ɗaya ba ta kamawa, bamban gaba kuma an ɗaure gefensa da waya don 'yan maɓallan roba sun karye wajen kwancewa. Duk ƙananan abubuwa ne, amma da na biya duka da sai in yi ta sintiri. Dubu 30 na riƙe, kuma a faɗe yake tun farko, don haka babu rigima. Aka bar kiliyar ta ƙara ƙarfi, aka goge wuraren da sanfefa 2000 da ruwa, aka bi da injin foli, aka sayo maɓallan, na biya. Daga nan na koma rami aka fesa baƙin andakot, wato shafin da ke kare ƙarfe daga ruwa, a ƙasa da cikin mudgad kan 25,000. Wani ya ba ni shawarar baƙin mai, wai ya fi araha, amma yana lalata robobin ƙafa kuma yana tara ƙasa. Na kuma canza robar bakin but a kan 15,000, domin ta nan ruwan ke shiga tun asali, kuma da ba a gano ta ba sabon facin ma ruwa zai kwanta a kansa. Jimilla aikin ya ci 490,000, in aka haɗa da kuɗin keke da ɗan abin da nake ba yara ya haura rabin miliyan.

Wanda zai bi wannan hanya, ga abin da zan ce masa. Ya fara da rami, ba da mai fenti ba. Ya raba aikin gida biyu da kuɗi biyu, na ƙarfe daban na fenti daban, ko da a gareji ɗaya ne. In ba zai samu zuwa kullum ba, to akwai ranaku biyu da ba a wakilci: ranar da aka gama walda kafin a shafa komai, da ranar da za a fara sa fila. In kuɗinsa ba su kai duka ba, ya yi aikin ƙarfe ya rufe da firaima mai kyau da ɗan fenti a wurin, ya hau motarsa da dabbare-dabbare har ya tara na feshi, hakan ya fi ya fesa a kan ruɓa. Ya kuma nemi inda ruwan ke shiga. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramuka da aka yi don ruwa ya fita, masu fila da masu andakot kan toshe su ba da sani ba, ni da tsinke na bi na buɗe nawa. Haka ramin da ke ƙasan gilashin gaba wajen waifa, ganyen dalbejiya kan cika shi ruwa ya koma cikin mota. Sabon fenti kuma Ogan ya ce kada a sa masa man foli sai ya yi wata biyu zuwa uku, kada a wanke da omo, kashin tsuntsu kuwa a wanke shi a ranar. Da hunturu yaran wankin mota kan share ƙura da busasshen tsumma, wannan karce kiliya yake yi, sai an fara zuba ruwa.

Damina ɗaya ta wuce a kan aikin yanzu. Fendar baya da ƙasan ƙofa ba su motsa ba, ramin safaya taya a bushe yake, taki kuma a Keke Napep nake aika shi gona. Wuri ɗaya ne ya fito da ɗan ƙurji, a saman gilashin gaba, inda tsatsar ke ƙarƙashin roba kuma ba a kai gare ta sai an cire gilashin. Baba ya ce in bari ruwa ya ɗauke, in zo da kuɗin gam ɗin gilashi da mai cirewa wanda ya iya, domin tsohon gilashi yakan tsage a hannun wanda bai saba ba, sannan a canza bututun burkin nan a rana ɗaya tunda motar za ta kwana a garejin.